Agadez: tsakanin roƙon ruwa da tsaron ruwa

A ƴan shekarun nan watan Muharram yana kamawa ne a bakin damina, shi ya sa bikin Biyanu na Agadez yake haɗuwa da hadarin fari. Samarin Ƴan Gabas da na Ƴan Yamma sukan je su kwana a Alarses, can gefen ƙoramar Telwa, gari na wayewa su shigo birni da kiɗa da rawa, kowa da kabarsa a hannu. In aka tambayi asalin bikin, wasu dattawa su ce tunawa ce da tarbar da mutanen Madina suka yi wa Manzon Allah (SAW), wasu kuma su ce murnar ranar da jirgin Annabi Nuhu ya sauka ce bayan ruwan ɗufana. Ko ma wanne ne daidai, garin da ke bikin ƙarewar ɗufana shi ne yau yake kwanan zullumi duk ranar da hadari ya haɗu a kan duwatsun Abzin.

Agadasawa ba su manta da farkon Satumban 2009 ba, cikin watan azumi, lokacin da Telwa ta ɓalle madatsar da ke tare ta, ta bi unguwanni cikin dare ta kwantar da dubban gidajen ƙasa. Bayan shekara 15, daminar 2024 ta zo da wanda ya fi: a faɗin Nijar mutum kusan 400 suka rasu, ambaliya ta shafi fiye da miliyon ɗaya da rabi, har aka ɗage komawa lakwal zuwa 28 ga Oktoba. A Damagaram tsohon masallacin unguwar Birni, ginin tsakiyar ƙarni na 19, ya zube a farkon Satumba. A Agadez gidaje sun faɗi cikin tsohon gari, idon kowa ya koma kan hasumiyar babban masallaci.

Gari ne da ruwan shekararsa bai cika wuce milimita 150 ba. Ya saba fita roƙon ruwa in sama ta yi jinkiri, kuma ba wanda ke jayayya da wannan. To amma ruwan yanzu ba irin na da ba ne. Wani bincike da mujallar kimiyya ta Nature ta wallafa a 2017 ya nuna cewa manyan hadura masu zubar da ruwa da ƙarfi sun ninka sau uku a yankin Sahel tun daga 1982. Ruwan wata guda yana iya sauka cikin sa'o'i, ya tarar da gaɓar ƙorama an sare itatuwanta, hanyarsa an gina gidaje a kai, magudana leda ta toshe su. Saukar ruwa ba a hannun ɗan Adam take ba, amma abin da ruwan ke tararwa a ƙasa aikin hannunsa ne. A nan ne batun addini yake shigowa, domin a Agadez babu muryar da ke kaiwa kowane gida kamar ta masallaci.

Kira ga limamai su sa batun muhalli cikin huɗuba ba sabon abu ba ne a Nijar, kusan kowane taron ƙungiyoyi da shi ake rufewa. Sai dai tarihin Abzin kansa yana nuna cewa lokacin da addini ya tsare itace da ruwa, ba da wa'azi kaɗai ya yi ba. Ya zo ne da iyaka sananniya, da mai tsaro wanda ake jin kunyarsa, da hukunci.

Abin da aka gada

A fara da masallacin kansa. An gina shi wajajen 1515, aka sake gina shi a 1844, hasumiyarsa ta ƙasa zalla ta kai mita 27, kuma ita ce ginshiƙin shigar da tsohon garin cikin jerin kayan tarihin duniya na UNESCO a 2013. Itatuwan da suka fito a jikinta kamar ƙaya ba ado ba ne kawai, su ne ke riƙe ginin, su ne kuma matakalar magina ranar yaɓe. Ginin da ya rayu shekaru ɗaruruwa ya rayu ne saboda akwai ƙasar gini kusa, akwai itace mai ƙwari a kwarin Telwa, akwai kuma jama'ar da fadar Sarkin Abzin za ta kira su fito aikin gayya su fito. Ranar da ɗaya daga cikin ukun ya ɓace, takardar UNESCO ba za ta hana bango jiƙewa ba.

Musulunci ya zo da tsari biyu da suka dace da ƙasa irin wannan. Na farko hima, wato yankin da shugaba ke keɓewa a hana sara ko kiwo a cikinsa don amfanin jama'a. Manzon Allah ya keɓe Naƙi'i kusa da Madina, Sayyidina Umar ya keɓe Rabaza. Na biyu harimi, filin da ke kewaye da rijiya ko gaɓar ruwa, wanda ba a yarda wani ya mallake shi ko ya yi abin da zai cutar da ruwan ba. Littattafan Malikiyya da ake karantawa a zaurukan malamai sun yi bayanin wannan. A kwaruruwan Abzin abin ya sami gindin zama ta hanyar malamai: itatuwan da ke kewaye da tsoffin masallatai da makabartu ba a ɗora musu gatari, don ana ganin suna ƙarƙashin albarkar mai wurin. Makiyayi zai kakkaɓe wa awakinsa ƴaƴan itace da sanda, amma ba zai sare reshe ɗanye ba.

Misalin da ya fi kusa shi ne na Malam Musa Abatul, wanda ya rasu a 1959. Bayan yaƙin Kawsan na 1916 da 1917, Faransawa sun karkashe malamai a Agadez, Abzin ta watse, dabbobi suka ƙare. Malam Musa ya zauna a yankin Tabelot, ya raya ɗariƙar Halwatiyya da ake dangantawa da Sidi Mahmud al-Bagdadi, kuma ya haɗa zikiri da fartanya: ya tura almajiransa haƙa rijiya da noman garka. Wani kaso na arzikin garake da Tabelot ke alfahari da shi yau daga can ya samo tushe. Abin da ya canza shi ne ma'auni. A da raƙumi ko sa ke jan guga ta hanyar da Abzinawa ke kira tekarkart, gajiyar dabba ita ce iyakar ruwan da za a ɗiba a yini. Injin ban-ruwa ba ya gajiya. Tun da albasar Abzin ta sami kasuwa har bakin teku, kowa ya ƙara faɗin garka, rijiyoyi suka ƙara zurfi, kuma ba a sami wani malami ko sarki da ya maye gurbin raƙumin da wata ƙa'ida ba.

Akwai kuma wani mai gadi da ba a cika son ambatonsa ba: tsoro. Bahaushe ya daɗe yana kauce wa tsamiya da kuka da tsakar rana don gudun iskoki, Ba'abzine yana da nasa Kel Esuf, mutanen daji. Wa'azin shekarun baya-bayan nan ya yaƙi wannan tsoro a matsayin camfi, kuma malamai na da hujjarsu ta tauhidi. Sai dai an kori mai gadi ba a ɗauki wani ba. Yaron da aka koya wa cewa babu aljani a tsamiya, ba a zauna an koya masa cewa inuwarta haƙƙin jama'a ce da za a tambaye shi a kai ba, alhali hadisan da suka mai da dashen itace sadaka, da waɗanda suka hana ɓata inuwa da mashaya, suna nan cikin littattafan da masu wa'azin ke riƙe da su.

Inda abin ya yi aiki

Ba sai an je nesa ba. A Damagaram har yanzu ana ba da labarin tsananin hukuncin da Sarki Tanimun ya tanadar wa mai sare gawo a ƙarni na 19, kuma wanda ya bi hanyar Matamaye ko Magarya zai ga gawo tsaye cikin gonaki. A Maradi, a farkon shekarun 1980, wani ɗan mishan ɗan ƙasar Ostareliya, Tony Rinaudo, wanda ya ce addu'a ce ta buɗe masa ido, ya lura cewa kututturan da ke cikin gonaki suna da rai, gyaran tofonsu kawai suke jira. Manoma Musulmi suka karɓi dabarar, suka sa mata suna sassaben zamani, yau ana ƙiyasta ta farfaɗo da itatuwa kimanin miliyon 200 a kan eka miliyon 5 (ekar hekta ake nufi). Amma abin da ya sa ta bazu ba imanin ɗan mishan ba ne. Manomi ne ya tabbata cewa itacen da ya raina a gonarsa nasa ne, ma'aikacin gandun daji ba zai zo ya ci shi tara ba in ya sassabe shi. Dokar gandun daji ta 2004 da wani kudurin gwamnati na 2020 sun zo sun ƙarfafa wannan haƙƙi.

A tsibirin Misali na Zanzibar, masunta sun yi shekaru suna kamun kifi da nakiya duk da hanin gwamnati, sai da aka sa limaman ƙauyukansu cikin aikin sannan abin ya ja baya, domin wuri ne ƙarami, an san iyakarsa, an san masu shigarsa. Sanarwar da malamai da masana suka fitar a Istanbul a 2015 kan sauyin yanayi, da daftarin Al-Mizan da aka ƙaddamar a Nairobi a 2024, sun yi kyau a takarda, amma da wuya a sami limamin unguwa a Agadez da aka kawo masa su da Hausa ko Tamajak.

Gandun Ayar da Tenere darasi ne ta ɗaya gefen. An kafa shi a 1988 kan murabba'in kilomita fiye da dubu 77, UNESCO ta karɓe shi a 1991, shekara guda bayan haka ta sa shi cikin wuraren da ke cikin haɗari, kuma yana nan a jerin har yau. Jiminar Abzin a shekarun tawaye aka ƙarar da ita a daji. Akwai iyaka a taswira, akwai doka, mai tsaro ne babu.

Ruwan da ya cika sharaɗin alwala

Kowane ɗalibin da ya karanta Ahalari ko Ishmawi ya san yadda ake gane ruwan da ya halatta a yi tsarki da shi: a duba launinsa, da ɗanɗanonsa, da warinsa. In ba abin da ya jirkita, ruwa ne mai tsarki mai tsarkakewa. Har an yi sauƙi ga ruwan da ya canza saboda ƙasar da yake kwance a kanta, kamar gishiri ko kanwa, sauƙin da mutanen Ingal da Tegidda suka fi kowa sanin amfaninsa. Ƙa'ida ce da ta yi wa Musulmin Sahara hidima shekaru aru-aru, kuma ta tsare rijiyoyi da dama daga ƙazanta.

Matsalar ita ce gubar da ke barazana ga ruwan jahar Agadez a yau ba ta da launi, ba ta da wari. Tun da aka gano zinariya a Jado a 2014, sannan Cibarakaten kusa da iyakar Aljeriya, dubban matasa suka kwarara arewa. An rufe Jado a 2017, amma haƙa bai tsaya ba, ya bazu har cikin duwatsun Abzin. Inda ake haƙa sau da yawa babu ruwa, don haka ake ɗauko dutsen a manyan motoci zuwa inda ruwa yake, wajen Arlit, Tabelot da Agadez, a niƙa, a wanke. Da zaiba ake kama zinariyar, wadda masu aikin ke kira merkur, sannan a ƙona dunƙulen, hayaƙin ya shiga huhun mai ƙonawa da na maƙwabcinsa. Ragowar ƙasar kuma a jiƙa ta da sinadarin siyanur cikin tafkunan da aka haƙa. Zaiba ba ta ruɓewa. Tana taruwa a jiki, ta taɓa ƙwaƙwalwa da ƙoda, ta fi yi wa ɗan tayi illa. In Telwa ko wata ƙorama ta yi irin cikar 2009 ta bi ta kan irin waɗannan wurare, inda za ta kai abin da ta kwasa shi ne yashin da garake da rijiyoyi ke sha daga gare shi. Nijar na cikin yarjejeniyar Minamata ta 2013 da ke neman rage amfani da zaiba, amma tsakanin Yamai da bakin rami akwai tafiya.

Haka batun uraniyom. A ƙarshen 2009 ƙungiyar Greenpeace da cibiyar bincike ta CRIIRAD ta Faransa sun ɗebi ruwa a Arlit da Akokan, suka ce huɗu daga cikin samfura biyar sun wuce ma'aunin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta gindaya, sakamakon da kamfanin Areva na lokacin ya yi jayayya da shi. COMINAK ta rufe ranar 31 ga Maris 2021, ta bar tarin dusar ma'adini kimanin tan miliyon 20 a gefen Akokan, aka fara aikin rufe ta da yumɓu da duwatsu. A watan Yunin 2025 gwamnati ta sanar da mayar da SOMAIR hannun ƙasa. Mai kamfani ya canza, dusar tana nan inda take, kuma tambayar wa zai kula da ita nan da shekara 50 yanzu gida ta dawo.

Ruwa irin wannan zai iya cika duk sharuɗɗan alwala ya kuma kashe mai shansa sannu a hankali. Wannan ba gazawar fiƙihu ba ce, domin ƙa'idar hana cuta da cutarwa tana cikin manyan ginshiƙansa, kuma ta ishe malami hujja. Abin da ya rage shi ne malami ya zauna da likita da masanin ruwa, ya fahimci abin da ido ba ya gani, ya fito da hukunci a fili: mene ne matsayin wanda ya zubar da ruwan siyanur a hanyar ƙorama? Wa ke da alhakin jinyar yaron da hayaƙin zaiba ya nakasa? A Indonesiya majalisar malamai ta yi irin wannan, ta ba da fatawa a 2014 kan kashe namun dajin da ke ƙarewa, a 2016 kuma ta haramta cinna wa daji wuta don share gona. Malikiyya ma ba baƙuwa ba ce a harkar ma'adini: ta ɗora zakka a kan zinariyar da aka haƙo da zarar ta kai nisabi, wajen giram 85, ba sai shekara ta zagayo ba, ta kuma bar ikon ramukan a hannun shugaba don maslahar jama'a. Masu zinariya da yawa sun san babin zakka, suna kuma fitarwa. Babin cuta ne ba a cika karanta musu ba.

Dalilin ba ɓoyayye ba ne. Kuɗin zinariya ya riƙe Agadez a lokacin da yawon buɗe ido ya mutu, dokar 2015 kuma ta toshe jigilar baƙin haure kafin a soke ta a ƙarshen 2023. Da wannan kuɗi aka gina gidaje, aka yi aure, aka je Makka, aka gina masallatai. Bahaushe ya ce bakin da ya ci shi ke godiya. Ba ƙaramin malami ba ne zai hau mumbarin da mai rami ya gina ya yi magana kan tafkin siyanur ɗinsa.

Wa ake yi wa wa'azin?

Saboda haka wa'azin muhalli, in an yi shi, yakan sauka kan mai ƙaramin ƙarfi: matar da ta ɗauko itacen girki, almajirin da ya yar da leda. Ba a ce ba su da nasu kason ba. Itacen da ake ƙonawa ranar layya wajen gasa raguna abin dubawa ne, kuma matasan ƙungiyar JVE a Yamai sun yi shekaru suna kamfen ɗin Tabaski Ecolo don a rage shi. Agadez ma ta fi kowa hujjar sauyawa, tun da gawayin ƙasa na SONICHAR a Cirozerin ake haƙo shi, tafiyar da ba ta kai kilomita 100 ba. Amma matar da ke dafa tuwo da aduwa ba don rashin tsoron Allah take yi ba. Ranar da buhun gawayin ko tukunyar gas ta fi itace araha kuma ana samunta a unguwa, ba sai liman ya yi magana ba. Leda kuwa doka ta hana shigo da ita da sayar da ita tun Nuwamban 2014, ga ta nan tana lilo a kan kowace ƙaya. Wanda ke shigo da ita da mota ba almajiri ba ne.

Abin da Agadez ke da shi wanda garuruwa da yawa suka rasa shi ne fada da masallaci da har yanzu ake saurara. Sarkin Abzin Umaru Ibrahim Umaru yana da masu unguwanni, da alƙali, da limamai, da sarkin magina, kuma dokokin karkara na 1993 sun ba sarakuna kujera a kwamitocin da ke kula da filaye. Ba abin da ya hana a ɗauki wani yanki na gaɓar Telwa, misali daga Alarses zuwa bakin gari, a shata shi a gaban jama'a a matsayin hima: ba sara, ba gini, ba wankin ma'adini, a sa sunan wanda zai tsare, majalisar gari ta rubuta shi a takarda, a faɗi tarar a masallacin Juma'a. Labanan ta farfaɗo da wannan tsari tun 2004, ƙananan hukumomi ne ke shata wuraren. Wahalar ba ta nassi ba ce. Filin bakin ƙorama yana da masu shi, wasu da takarda, wasu da gado, wasu da ƙarfi, kuma garin da aka ƙirga mutum dubu 110 da ɗoriya a 2012 ya cika ya batse tun daga lokacin, kowa na neman inda zai kafa bango.

Ranar 3 ga Agusta, kamar kowace shekara tun 1975, magabata za su dasa itatuwa a gaban kamara. Wata guda ko fiye kafin nan samarin Biyanu sun riga sun dawo daga Alarses da kaba a hannu, daga goribar da ke riƙe gaɓar Telwa. Su ne rukunin matasa mafi tsari a garin, da shugabanninsu da unguwanninsu, kuma sun san kowace goriba da ke kan wannan hanya. In fada da limamai na neman wanda za a damƙa wa tsaron wurin, da raino da ban-ruwan abin da aka dasa har ya wuce bakin akuya, to Ƴan Gabas da Ƴan Yamma sun daɗe suna gasa a kan abin da bai kai wannan ba.